Littafin da Ya Dawo da Ɗumi Daga Maigatari

Zuwa ga taubashiyata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da girmamawa irin wadda ban taɓa yi miki ba kina da rai, ina fatan Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan Gumel lafiya muke, sai godiya. Damina ta yi kyau, ta wajen Gagarawa har an fara yankan gero. 'Yarki Walida ta sauka lafiya, mace ta samu, kuma an mayar da sunanki. Hancin ma naki ta ɗauko, yarinyar da ba ta yi wa kowa laifi ba.

Na san abin da za ki ce, wai baiwa ta koyi rubuta wasiƙa. Tun muna yara haka kike kirana, don ke 'yar namiji ce ni 'yar mace, babanki wan mahaifiyata. Ki bar ni in yi, yau ɗaya. Na kuma san ba idonki ne zai sauka a kan wannan rubutu ba, na masu bin shafina na intanet ne, har da Malama Asabe da Hajiya Dije. Akwai wani littafi a cikin durowata wata tara ke nan, da rubutunki na ƙarshe a bayansa, kuma har yau ban karanta ba. Tsoron abin da kika rubuta nake yi.

Ke kika haɗa mu, mu huɗu da muka yi makarantar kwana tare aure ya watsa mu: ke a Maigatari, Asabe tana koyarwa a Gagarawa, Dije a Sule Tankarkar, ni a Gumel ina aikin jinya. Kika ce tunda ƙafa ba ta zuwa, littafi ya riƙa zuwa. Duk wadda ta je Kano sai ta tsinto mana tsofaffin littattafan Turanci a wajen masu shimfiɗa su a bakin titi. A liƙa fararen takardu a bayan kowanne, kowa ta karanta ta rubuta ra'ayinta, ta ba direba ya kai wa ta gaba. Da yake duk motocin a tashar Gumel suke haɗuwa, kowane littafi sai ya biyo ta hannuna kafin ya wuce.

Dokarki biyu ce. Ba a sa suna a ƙarƙashin ra'ayi, wai don kowa ta saki jiki, kamar ba mu san rubutun juna ba tun muna satar amsa a aji. Ta biyu kuwa, wadda ta gama sai ta kifa littafin a kan kwando, ta sa kasko a ƙasa, ta turara shi da turarenta kafin ta tura. Wannan ne sa hannun. Na Asabe ɗan sandal ne na kanti, da ƙyar ake ji. Na Dije ararraɓi, da ɗan ƙamshin man shanu a ƙasa wanda ta rantse ba ta san inda yake fitowa ba. Ni kuwa kika ce ko na turara ko ban turara ba, sabulun asibiti kike ji. Naki sana'arki ce, babu mai kamo ki: kajiji, jema, farce, kanumfari, da wani abu na biyar da kike karɓa a hannun wata tsohuwa mai zuwa daga Damagaram ranar Alhamis ta kasuwa. Ko Walida ba ki faɗa wa sunansa ba.

A bazarar bara kika shigo mana da littafin nan na warkarwa da ƙamshi. Turawa ne suka rubuta, cike da hotunan kwalabe da furannin da ba sa fitowa a ƙasarmu, wai wannan mai yana kawo barci, wancan yana sauke fargaba. Asabe ta rubuta cewa littafin masu hali ne, ita dai ta gwada ɓawon lemo a garwashi, sauro ya ragu amma kanta bai daina ciwo ba. Dije ta ce babu abin da ke ciki da kakarta ba ta sani ba, sai dai ita kakar ba ta da kwalba. Ke kuwa shafi uku kika cika. Kika yi faɗa da marubutan a kan kanumfari, kika gyara musu awo, kika ce sun san ƙamshi a hanci amma ba su san shi a ɗaki ba.

Da ya dawo hannuna daga wajenki, tun kafin in kwance ledar na ji kin zuba turare kamar za ki gasa littafin. Na buɗe shi a tsakar gida da rana tsaka, ina dariya. Sai na ji abin da ke ƙarƙashi.

Rakiya, shekara talatin na yi a ɗakin mata na asibiti. Akwai warin da ba ya ɓuya mini ko an tuntsurar da kwalbar turare a kansa, warin ciwon da ya fashe ya fara cin nama. Kaɗan ne, can cikin ɗinkin littafin inda hayaƙi bai kai ba. Na san zamanki in kina karatu, rungume littafi kike yi a ƙirji in kin tsaya tunani. Kuma akwai shafi ɗaya da kika lanƙwasa masa kunne, babin da ke magana a kan ɗakin majiyyaci da yadda ake rage warin rauni.

Na zauna a kan turmi har aka kira la'asar. Sannan na ɗauki biro na rubuta nawa ra'ayin. Na ce ƙamshi ba ya warkar da komai, rufewa kawai yake yi, duk wadda ke da ciwo ta je asibiti. Na ƙara da cewa wata a cikinmu tana neman ƙona mana littattafai, a yi mata magana. Na mayar miki da shi tunda naki ne. Iyakar abin da na yi ke nan, ni mai shekara talatin a asibiti.

Na gaya wa kaina tunda kin ƙara turare, ɓoyewa kike so, kuma ba ni ce zan yaye miki mayafi ba. Gaskiyar kuma ita ce ban san ta inda zan fara ba. Tsakanina da ke babu maganar da ba ta zama wasa. Ranar da mijinki ya rasu ma, da na rungume ki, cewa kika yi in sake ki kada in shafa miki talauci, muka yi dariya hawaye na zuba. Shekara hamsin ba mu taɓa yi wa juna magana da muryar gaske ba, ban ma san ko muna da ita ba.

Da ruwa ya sauka na zo Maigatari bikin Walida. Na ga yadda kike riƙe hannun hagu nesa da jiki, na ga mayafin da kika ninka biyu a ƙirji cikin wannan zafi, na ga kasko biyu suna hayaƙi a ɗaki ɗaya. Aka bar mu mu kaɗai muna ɗaure kayan amarya. Kika daɗe kina kallona, sannan kika ce, "Baiwa, hancin nan naki ya tsufa ne?" Na ce ya tsufa mana, ke kika kashe shi da hayaƙi. Na ɗauka gwada ni kike yi ki ga ko asirinki ya rufu, sai na rufa miki. Na tashi na tafi wajen masu girki, ban sake yarda an bar mu mu biyu ba har na hau mota.

Bayan wannan Asabe ta samo mana labarin nan na Afganistan. Wani gari ne a tsakiyar duwatsu, inda ƙanƙara ke rufe hanya in sanyi ya shigo, mutane su yi ta shan shayi suna sauraren ƙarar bindiga daga nesa. Akwai yaƙi a ciki, akwai gudun hijira zuwa bakin iyaka, amma mu abin da ya tsaya mana shi ne mata biyu masu katanga ɗaya da tanderu ɗaya. Ɗaya ungozoma ce. Wata rana a gidan wanka na mata ta ga kumburi a gefen ƙirjin maƙwabciyarta, ta san ko mene ne, ta kau da kai. Suka ci gaba da gashin gurasa tare har ciwon ya kwantar da matar.

Asabe ta ce a cire ƙanƙara da bindigogi, garin nan Gagarawa ne, har surukan iri ɗaya ne. Da ta zo kan ungozoma kuwa, bironta har ya huda takarda. Ta ce mai ilimin da ta gani ta yi shiru, da hannunta a cikin mutuwar. Dije ta fi damuwa da makiyayan da ke tsallaka iyaka da tumakinsu, ta ce kamar danginta ne in sun nufi arewa da damina, sai dai marubucin da gani bai taɓa tatsar ko akuya ba. A kan ungozoma layi ɗaya ta rubuta, cewa akwai kunyar da ta fi ƙarfin mai ita, Allah ne masani.

Ni na cika shafi guda ina kare ta. Na ce wadda ba a kira ba ba ta da hurumin buɗe abin da mai shi ta rufe. Na ce shirun ungozoma kara ce, kuma kara ita ma ƙauna ce. Na yi ta jera hujjoji kamar lauya. Na san sarai ke ce ta gaba da za ta karanta, kuma na san za ki gane ba ungozoma nake karewa ba. Na turara shi sama-sama, na kai wa Malam Sale direba, mai ɗaukar mana saƙo tsakanin Gumel da Maigatari.

Ke da ba kya riƙe littafi ya wuce sati biyu, wannan ya yi wata biyu bai dawo ba. Ban tambaya ba. Sai wayar Walida, cewa kin faɗi a tsakar gida an wuce da ke Kano.

Likitan da ya duba ki ya fito ya same mu a baranda. Ya ce an makara ƙwarai, da an zo tun da wuri da akwai abin yi. Sai ya tambaya, cikin jin haushi irin nasu, ko babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya a danginmu. Walida ta nuna ni, ba da wata manufa ba, ta ce ga Inna Saude, amma ita ma Mama ta ɓoye mata. Ban gyara mata ba.

Ranar da na ga alamar tafiya ce, na matso bakin gadon na ce ki yafe mini. Ɗakin cike yake da mutane. Kika buɗe ido da ƙyar kika ce, "Je ki share mini tsakar gida tukuna." Kowa ya yi dariya, har da masu kuka, aka ce taubasai ba sa dainawa. Ni ma na yi. Kwana biyu bayan nan kika cika, ban samu wata amsa ba bayan wannan.

Sati uku da binne ki, ranar Alhamis da hantsi, ina wucewa ta bakin tasha Malam Sale ya ƙwala mini kira. Tsakiyar sanyi ne, kowa a duƙunƙune, rana ba ta ma fito sosai ba. Ya miƙo mini baƙar leda ya ce ga saƙona. Ya ce yana shirin tashi daga Maigatari mace ta miƙo ta taga kamar kullum, ta ce a kai wa mai jinya. Motarsa ta daɗe a gareji, bai ji labarin rasuwarki ba. Na tambaye shi ko ya ga fuskarta, ya ce shi ba ya kallon fuskar matan mutane, amma ai muryar ba baƙuwa ba ce. Da na faɗa masa, sai ya fito daga motar ya zauna a kan benci yana salati. An ce har yau ba ya karɓar saƙo ta taga.

Littafin nan na Afganistan ne a ledar, kuma da ɗumi take, Rakiya. Ba ɗumin inji ba, na san wannan, a kujerar baya ya ajiye ta. Ɗumin abin da aka sauke daga kan kwando yanzu-yanzu. Kuma haɗinki ne, har da abu na biyar, sabo fil.

Na kira Walida. Ta ce ba ita ta aiko ba, mukullin ɗakinki yana hannunta, kaskonki kuwa tun ranar sadakar bakwai ta wanke ta kife. Ragowar turaren ma ta rabar wa masu gaisuwa, ko cokali bai saura ba. Na ce ko wata maƙwabciya kika ba amana. Na je da ƙafata na tambayi uku, kowacce ta dube ni kamar na zo da wata magana.

Kin san ni ba mai yarda da irin waɗannan abubuwa ba ce. Na rufe idanun mutane da yawa da hannuna, ban taɓa ganin wanda ya dawo karɓar saƙo ba, balle bayarwa. Malamin unguwarmu ya ce wanda ya tafi ya tafi, in yawaita miki addu'a da sadaka, in daina bincike. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Amma na naɗe littafin cikin zane biyu na tura can ƙarshen durowa, kuma ƙamshin bai ragu ba. Turaren da ya fi kowanne kama jiki ba ya wuce wata guda a takarda, ke kika koya mini. Wannan wata tara. Sauran ranaku yana nan lafe, sai in na buɗe durowar. Ranar Alhamis kuwa da hantsi sai ya cika ɗakin, ya fito har zaure. Maigidana ya tambaye ni yaushe na fara sana'ar turare ban gaya masa ba.

Dije ta zo mini gaisuwa wata Alhamis. Ta sa ƙafa ɗaya a ɗakin, ta tsaya, ta janye ta. A tsakar gida ta yi sallah, a nan muka yi hira har ta tafi. Da ita da Asabe suka tambayi littafin, na ce ya ɓace a asibitin Kano. Tun daga nan ba littafin da ya sake zagayawa a tsakaninmu. Na kashe abin da kika haɗa, don kada su ga abin da kika rubuta kafin in gani, ni kuma na kasa gani.

Ranar suna aka miƙo mini jaririyar aka ce in yi wa takwararki addu'a. Na buɗe baki sunan ya ƙi fita. Walida ta ce, Inna Saude har yanzu ba ta warke ba, Allah sarki, ita da Mama ai hanta da jini ne. Na dawo gida na san ba zan iya ci gaba da karɓar wannan tausayin ba.

Yau Alhamis. Ƙamshin ya fara tun ina rubuta gaisuwa. Bari in ajiye biron in ɗauko shi.

Na dawo. Na karanta, sau uku.

Kin fara da tsiyarki ta kullum. Kin ce mutanen nan da ƙanƙara ke rufewa wata da watanni, ba mamaki suke da dogon labari. Kin ce gurasarsu ba za ta kai ta Maigatari ba. Rubutun yana tafiya yana karkacewa, na ga inda kika tsaya kika canza biro. Sannan kika zo kan matan biyu, kika rubuta:

"Marubucin nan namiji ne, bai san mata ba. Ya ɗauka maƙwabciyar ɓoyewa take yi. Wadda ke son ɓoyewa ba ta zuwa gidan wanka ranar da ta san ungozoma za ta je. Zuwa ta yi ta nuna, bakinta ne ya kasa. Kullum jira take a tambaye ta."

Kika bar layi biyu, sannan kika karya dokarki da kanki:

"Ni turare ne sana'ata. Da rufewa na so yi, da babu hancin da zai ji, har da na asibiti."

Shi ke nan. Na juya shafin, na ɗaga shi sama wajen haske, na duba cikin bango ko kin ƙara wani abu. Ba ki ce kin yafe ba, ba ki ce ba ki yafe ba. Kin dai faɗa mini abin da ya faru, da muryar gaske, karo na farko. Ashe muna da ita, 'yar'uwata. Ke kika samo ta, ni ina can ina jera hujjoji.

Wata shida kika yi kina aiko mini da ciwonki a mota, ina mayar miki da barkwanci. Na kira shi kara, na kira shi ƙauna. Tsoro ne, Rakiya. Tsoro nake yi in tambaya ki ce eh, wasan ya ƙare, in rasa yadda zan yi da ke. Asabe ce ta yi gaskiya a kan ungozoma, kuma in ta karanta wannan za ta san wa ta yi wa hukunci. Ba zan roƙe ta ta sassauta ba.

Ba zan sa wasiƙar nan a shafina ba sai na je Maigatari na zauna gaban Walida, na gaya mata da bakina cewa ba a ɓoye mini ba. In wani yana karanta wannan, to na je. Abin da ta ce mini kuwa nata ne, ba zan rubuta ba.

Saura abu ɗaya. Ya makara, na sani, amma kin jira shi, kuma naki ne. Rakiya, ina ke miki ciwo? Tun yaushe? Kina iya barci?

Na faɗe su da baki yanzu a cikin ɗakin nan, ɗaya bayan ɗaya, ba dariya. Na jira. Ban ji komai ba, sai kukan tantabarun maƙwabta. Sai da na zo ɗaukar biro na lura na matsa gefe a kan tabarma, na bar wurin mutum ɗaya.

Ya Allah Ka gafarta wa baiwarKa Rakiya, Ka sa ciwon da ta ɗauka ita kaɗai ya zama kankarar zunubi, Ka haskaka kabarinta, Ka sanyaya shi. Ka raya takwararta cikin mutanen da za su iya tambayarta in ta yi shiru. Ni kuma hakkinta yana wuyana, Ka sani. In ta yafe, Ka karɓa. In ba ta yafe ba, Ka haɗa mu a inda zan sake roƙonta, babu kowa a ɗakin.

Wassalam.

Taubashiyarki,
Saude, daga Gumel